Famfon zoɓo ya zo ba fulogi, waya uku ne a jikinsa: yaya zan haɗa shi da wuta?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman taimakon masu sanin aikin wuta. Ina sana'ar zoɓo da lemon citta a Rikkos. Tukunyata ta lita 50 ce, kuma abin da ya fi gallaba ta shi ne kwashe zoɓon da zafinsa daga tukunya zuwa robar da nake tacewa. Da moɗa da bokiti nake yi, bayana ya gaji, sau biyu kuma yana zubo min a ƙafa. Ƙanina da ke Abuja ya tausaya min ya sayo wani ɗan ƙaramin famfo mai tura ruwa da wutar lantarki ta intanet, ya aiko min ta mota jiya. Da na buɗe kwalin sai na ga wayar ba ta da kai, bakinta a feɗe kawai, ga ƙananan wayoyi uku: ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya shuɗiya, ɗaya koriya mai ratsin rawaya. A jikin injin an rubuta 220-240V, 50Hz, 25W. Yaron maƙwabtanmu mai gyaran salula ya ce a haɗa biyu a yanke koriyar, wai ba ta aikin komai. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, domin inda nake aikin kullum a jiƙe yake, kuma yarana suna shiga suna fita. Don Allah wace waya ce ke zuwa ina?

Sani_Waya
Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki bari ya yanke koriyar nan. Ita ce ma ta fi muhimmanci a cikin ukun.

Ɗan_Gangare
Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Wat 25 ai bai kai ƙwan fitila na da ba. Fankata waya biyu ce, shekara nawa tana yi.

Injiniya_Bukuru
@Ɗan_Gangare ɗan'uwa, nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Wat 25 ɗin nan shi ne abin da injin ke ci, ba shi ne abin da soket zai iya zuba wa jikin mutum ba. Wutar da ke cikin wayar bolt 230 ce, ko famfo ne a jiki ko babban firiza. In rufin wayar cikin injin ya cinye ta taɓa ƙarfen jikinsa, duk wanda ya dafa shi yana tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti, shi ya zama hanyar da wutar za ta bi ta shiga ƙasa. Fankarka tana can sama, ba wanda ke rungumar ta da jiƙaƙƙen hannu.

Hajiya ga yadda abin yake. Ki sayi fulogi mai ƙafa uku, irin mai amfiya 13 mai fis a ciki, wanda muke amfani da shi a nan, tsarin Ingila. In kin kwance murfin, ki riƙe shi ƙafafun suna kallon ƙasa, doguwar ƙafar tana can gaba. Za ki ga haruffa a ciki. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa hannun dama wurin da fis yake, inda aka rubuta L. Shuɗiya ita ce nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, hannun hagu, inda aka rubuta N. Koriya mai rawaya ita ce at, wato wadda ke kai wutar da ta zurare zuwa cikin ƙasa, tana zuwa doguwar ƙafar, inda aka rubuta E.

Akwai ƙananan abubuwa da su ne ke raba aikin ƙwarai da aikin jeka-na-yi-ka. Wayar at ta fi sauran tsawo a cikin fulogin, a bar mata ɗan sassauci, don in wani ya fizgi wayar, ita ce za ta zama ta ƙarshen tsinkewa. A murɗe siraran zaren tagullar su haɗu wuri guda kafin a ɗaure sukuru, kada silin zare ko ɗaya ya leƙo waje. Kada a feɗe roba fiye da abin da zai shiga ramin. Sannan ɗan maƙallin nan na bakin fulogi ya danne babbar rigar wayar ta waje, ba ƙananan wayoyin masu launi ba. In kin rufe kika ga launin ruwan ƙasa ko shuɗi yana leƙowa daga ƙasan fulogin, a sake aikin.

Maman_Ilham
Allah ya saka da alheri Injiniya. Na rubuta a takarda. Fis ɗin da ke zuwa a cikin fulogin ya isa ke nan?

Injiniya_Bukuru
A'a, ki canza shi. Yawancinsu da fis mai amfiya 13 suke zuwa, mai rubutu ruwan ƙasa. Naki injin ko rabin amfiya ɗaya ba ya ja. Ki nemi mai amfiya 3, rubutunsa ja ne, yana ɗaukar kaya har kusan wat 700. Dalili shi ne wayar irin wannan famfo siririya ce, galibi kaurinta murabba'in milimita 0.75 ne, wadda iyakarta amfiya 6. In aka sami matsala fis ɗin 13 zai zauna yana kallo wayar tana narkewa.

Sani_Waya
Mai amfiya 3 yana wahalar samu a ƙananan shaguna, sai an zagaya wajen masu kayan wuta na cikin gari, ta wajen Taminus. In ba a samu ba a sa mai 5. Abin da nake roƙo kawai, in fis ya ƙone kada a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Na buɗe fulogi na tarar da ƙusa a wurin fis, da idona.

Ummu_Sadiq
Ni tambayata daban ce, ku gafarce ni. Na duba irin famfon nan a intanet na ga masu dafa giya a gida ne suke amfani da shi a Turai da Amurka. Babu matsala Musulma ta yi zoɓo da shi?

Malam_Na_Dilimi
Sabo ne fil daga kwali, bai taɓa giya ba. Tukunya ma ai ana dafa komai a cikinta, abin da aka zuba shi ake dubawa. In kina da sauran shakka ki tambayi malamin unguwarku, amma ni ban ga abin da zai hana ba.

Ngo_Tudun_Wada
Gaskiya ne, masu dafa giyar sha'ir ne suka fi sayen sa, domin suna juya ruwa mai zafi daga tukunya zuwa tukunya, kuma an yi kansa yadda zai jure zafi kuma ba zai ɓata abin sha ba. Mamata ta yi sana'ar burkutu shekaru, da ƙwarya take kwasa daga manyan tukwane, duk hannunta tabon ƙuna ne har ta bar duniya. Da ta sami irin wannan da ta huta. Maman Ilham, ni kunun zaki nake yi yanzu, na gwada irin naki bai yi min ba saboda kunu yana da kauri, yana toshe shi. Zoɓo ruwa ne tsararo, zai yi miki, amma ki sa rariya a bakin tiyon da ke cikin tukunya don ganye da ɓarzajjiyar citta kada su shiga.

Maman_Ilham
Na gode Mama. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki. Rariyar ban ma yi tunaninta ba.

Baba_Mai_Lantarki
Yara, duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma an tsallake babbar tambaya. Shekarata sama da 30 ina aikin waya a garin nan. Kun ce ta haɗa koriya a doguwar ƙafa. To doguwar ƙafar nan in ta shiga soket, ina za ta? A gidajen haya da yawa da nake shiga, in ka kwance soket ɗin bango waya biyu kawai za ka gani, ja da baƙa. Ramin at ɗin fanko ne. Wani gidan kuma akwai koriyar wayar a soket, amma in ka bi ta har allon fis sai ka tarar an naɗe ta an cusa a lungu, ba a kai ta ko'ina ba. Mai gini ya rage kuɗin sandar ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake binnewa a ɗaura mata wayar at. To 'yata, in gidanki haka yake, kin haɗa fulogi daidai amma rijiya ce ba ruwa.

Kafin komai a sami mai gyara da ke da mitar gwajin wuta ta hannu ya auna soket ɗin. Tsakanin mai wuta da nutural zai ga wajen 230, ko ƙasa da haka in wutar ba ƙarfi. Tsakanin mai wuta da at ya kamata ya ga kusan haka. Tsakanin nutural da at kuma kusan babu komai. In tsakanin mai wuta da at bai ga abin kirki ba, babu at a gidan. Kuma ko ya ga lamba mai kyau, ya kwance soket ya gani da ido, ya bi wayar har waje inda aka binne sandar. Mitar zamani tana nuna lamba ko da wayar rataye take a iska.

Ɗan_Gangare
To ai maganata ta fito ke nan Baba. In gidan ba at, wahalar me za ta sha da waya ta uku?

Baba_Mai_Lantarki
Ba maganarka ce ta fito ba ɗana. In rijiya ba ruwa ƙara haƙa ake yi, ba a jefar da guga.

Aliyu_Kubwa
Ni abin da wani mai gyara ya yi min a nan Abuja, ya ɗauki 'yar gajeriyar waya ya haɗa ramin at da na nutural a bayan soket. Ya ce ai duk ƙasa suke zuwa. Shokin ɗin da firijina ke yi ya daina. Ko Hajiya za ta yi haka?

Injiniya_Bukuru
@Aliyu_Kubwa Malam Aliyu, don girman Allah ka sa a cire wannan wayar yau ɗin nan, kuma Hajiya kada ki kusanci wannan dabara. Ka san halin layinmu. Wuta ta ɗauke a layi ɗaya, wani ya hau falwaya ya canza muku layi, ko a gyara mita a juya wayoyi biyun. Ranar da aka juya su, wayar da kake kira nutural ta zama mai wuta, kuma kai da hannunka ka ɗaure ta da jikin firijinka. Ko ba a juya ba, nutural ya tsinke a hanya, wutar da ta ratsa ta cikin injin za ta dawo ta zauna a jikin ƙarfen. Fis ba zai ƙone ba, ba abin da zai nuna maka, sai wanda ya taɓa.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da na so in faɗa tun farko. Fis ba ya ceton rai. Waya yake karewa daga gobara. Fis mai amfiya 3 sai wutar ta wuce amfiya 3 sosai kafin ya yanke, alhali wajen miliamfiya 10 zuwa 15 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya) sun isa su ƙanƙame hannun mutum ya kasa saki, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba yana iya rikita bugun zuciya. Abin da aka yi domin mutum shi ne RCD, wasu suna ce masa RCCB, mai miliamfiya 30. Aikinsa lissafi ne: yana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural. In suka bambanta, ya san wata ta zurare ta wani wuri, ko ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ya katse kafin ƙiftawar ido. Akwai wanda ake ɗaurawa a allon gida, akwai wanda ake cusawa a soket sannan a cusa fulogin a jikinsa. A duba rubutun da kyau, domin akwai masu 100 da masu 300, waɗannan don gobara ne, ba za su kare mutum ba. Kuma ba kowace bireka ce RCD ba. Alamarsa yana da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T.

Sani_Waya
Injiniya to in gidan ba at, RCD ɗin zai yi aiki?

Injiniya_Bukuru
Zai yi, amma da bambanci. In akwai at, da zarar wuta ta taɓa jikin famfon za ta bi koriyar waya, RCD ya faɗi, ba wanda ya ji komai. In babu at, wutar za ta zauna a jikin famfon tana jira, sai wani ya taɓa ta bi ta jikinsa sannan ya faɗi. Zai ji jan, amma na ɗan lokaci ƙanƙani. Shi ya sa nake cewa a yi biyun. In kuɗi bai kai ba a fara da RCD, a tara na sanda.

Baba_Mai_Lantarki
Nan ne ni da Injiniya muka ɗan saɓa. Ni at nake sa wa gaba. RCD ɗin kasuwa wani ka danna maɓallin gwajin ma ba ya motsi, jabu sun yi yawa. Sanda in an binne ta da kyau ba ta da maɓallin da zai lalace.

Injiniya_Bukuru
Baba da girmamawa, sandar ita kaɗai a ƙasar Jos ba kullum take iya ƙona fis ba. Kai ka fi ni sanin yadda ƙasarmu take, ka haƙa ƙafa biyu ka ci karo da dutse. Da hunturu kuma ƙasar ta bushe ƙamas, wutar ba ta samun hanyar wucewa sosai. Sai ka ga wutar da ke zurara ta sandar ba ta kai ta yanke fis ba, jikin injin kuma yana nan da wuta. RCD kuwa 'yar kaɗan ta ishe shi.

Baba_Mai_Lantarki
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Shi ya sa ba na binne sanda a inda na ga dama, ina neman inda ƙasa ke riƙe laima, wani lokaci in sa biyu in haɗa su. Da muna zuba gawayi da gishiri a ramin, yana taimakawa, sai dai gishirin yana cin sandar, bayan wasu shekaru ka tono ka ga ta zama tsinke. Sandunan yanzu ma da yawa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Ka kankara da wuƙa ka gani kafin ka biya.

Nas_Hauwa
Ina karanta ku tun ɗazu, bari in sa baki ta ɓangaren aikina. An taɓa kawo mana wata yarinya 'yar aiki, firiza ce ta ja ta tana wanke tsakar ɗaki ba takalmi. Matar gidan ta ruga ta kama ta, ita ma ta manne, sai da wani yaro ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Allah ya yi da sauran kwanansu. Abin da ya fi ba ni takaici, kafin su iso an ɗura wa yarinyar madara gwangwani biyu tana cikin magagi, ta shaƙe. Don Allah a daina. Madara ba ta fitar da wuta daga jiki, binne mutum a yashi ma haka. In wuta ta kama mutum kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar ko a zare fulogi. In ba hali, a ture shi da busasshen katako ko tabarya busasshiya, kana tsaye a wuri busasshe. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji nan take ana neman mota. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, musamman in ya suma ko yana jin ƙirjinsa. Maman Ilham, ki nuna wa manyan yaranki inda ake kashe wutar gidan, su san wurin ko da duhu.

Maman_Ilham
Innalillahi. Anti Hauwa jikina ya yi sanyi. Ni kaina na taso ina jin maganar madarar nan.

Zainab_Gwarinpa
Ni tawa matsalar ta launin waya ce, ina faɗa don wani ya amfana. Yayana ya taho min da irin wannan famfo daga Amurka don lemon tsamiya da nake yi. Wayoyinsa baƙa da fara da koriya. Mai gyaran da na kira ya ce baƙa ai nutural ce, haka yake a gidajenmu, ja mai wuta baƙa nutural. Ashe su a can baƙar ce mai wuta, farar ce nutural. Wannan ma ƙarami ne. Ba wanda ya karanta jikin injin a cikinmu, ashe na bolt 115 ne. Muna kunnawa ya yi wani gurnani, ko minti ɗaya bai yi ba hayaƙi ya tashi. Na yi kuka ranar, domin ko sau ɗaya ban more shi ba.

Sani_Waya
Ayya, sannu Hajiya Zainab. Wutar Amurka 120 ce, 60Hz. Kayan can sai da taransifoma mai rage wuta. Na Maman Ilham dai ta karanto mana 220-240 da 50Hz, ya dace da tamu.

Abba_Sola
Ni shawarata ta bar wannan famfon gaba ɗaya. Akwai ƙananan famfuna masu bolt 12 da ake sa wa na'urar dumama ruwa ta sola, suna jure zafi. Batir ɗaya ya ishe su. Bolt 12 ko ka riƙe da jiƙaƙƙen hannu ba abin da zai same ka, kuma ba ruwanki da an kawo wuta ko ba a kawo ba.

Ngo_Tudun_Wada
Abba ɗana, kyauta ƙaninta ya yi mata, ka ce ta jefar? Kuma ba kowane famfon sola ne aka yi don abin da za a sha ba. Zoɓo yana da tsami, yana cin wasu ƙarafan. Ni ko a tukunyar dalma ba na son barin sa ya kwana.

Abba_Sola
Haka ne Mama, sai an duba wanda aka rubuta na abinci ne. Kuma na yarda ba su da ƙarfin turawa kamar nata. Amma a wurin da ruwa ke malala, ni dai hankalina ya fi kwanciya da 12.

Oga_Ruwan_Leda
Mu koma kan famfon kansa, domin ko an haɗa wuta daidai ana iya kashe shi ranar farko. Irin waɗannan da maganaɗisu suke juya farfelar ciki, kuma ruwan da ke wucewa shi ne man shafawarsu. In kika kunna shi ba ruwa a ciki zai ci kansa. Ba ya kuma zuƙo ruwa daga ƙasa zuwa sama. Dole ya zauna ƙasa da tukunya, zoɓon ya gangaro ya cika shi tukuna. To kin ga inda haɗarin yake: wurin zamansa shi ne daidai inda ruwa ke zuba. Ki sa kafinta ya ɗaure shi a kan katako mai ɗan tudu, a yi masa 'yar rumfa ta sama, amma kada a toshe ramukan shan iskarsa. In kina son rage gudun ruwan ki sa famfon murɗawa a bakin fita, ba a bakin shiga ba, kuma kada a haɗa shi da abin rage gudun fanka. Tiyo ki nemi na silikon, domin na ba-haya ko na ban ruwan fulawa yana yin laushi da zafi ya saki wari a cikin abin sha.

Baba_Mai_Lantarki
Ƙari a kan na Oga. Soket ya kasance a sama, nesa da tururin tukunya. Wayar ta ɗan sauko ƙasa da soket ɗin sannan ta hau, don in ruwa ya bi jikinta ya ɗiga a ƙasa kada ya gangara cikin ramin. In wayar ta gaza tsawo kada a yi mata ƙari da salatif a bar shi a ƙasa, a canza ta gaba ɗaya ko a sa akwatin haɗi mai hana ruwa. Banda jona a kan doguwar soket ɗin nan ta ƙasa da ake cajin waya, yawancinsu ba at a cikinsu ko da ramin uku ne. Kuma in za ki wanke famfon, 'yata, zare fulogin za ki yi. Kashe makunni bai isa ba. In an juya wayoyin gidan, makunnin nutural yake yankewa, injin ya tsaya amma wuta tana nan cikinsa.

Ɗan_Gangare
To na ji, na kuma janye maganar yanke koriya. Amma ku faɗa min gaskiya, mace mai zoɓon naira ɗari-ɗari, a gidan haya, za ta sayi RCD, ta binne sanda, ta biya mai aiki. Ribar wata nawa ke nan? Shi ya sa mutane ke cusa waya tsirara a soket da tsinken ashana, ba don ba su san haɗari ba.

Ummu_Sadiq
Wannan ma gaskiya ce. Amma sandar ai hakkin mai gida ne, ba na ɗan haya ba. Ta yi masa magana a cire a kuɗin haya.

Injiniya_Bukuru
Ko a haɗa kuɗi da sauran 'yan hayan, tunda sanda ɗaya za ta yi wa gidan duka in wayar ta zaga. Kuma a nemi mai aikin da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu haɗa wuta, ba duk mai riƙe da testa ba.

Maman_Ilham
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Na sami wani dattijo mai aikin wuta a unguwarmu ya zo da safe. Ya haɗa fulogin a gabana yadda Injiniya ya faɗa, ina riƙe da takardata ina dubawa, fis mai 5 muka samu. Ya ɗora tsinken mitarsa ɗaya a doguwar ƙafa ɗaya a jikin ƙarfen famfon, ta yi ƙara, ya ce koriyar ta haɗu. Ya gwada sauran ƙafafun biyu da jikin ƙarfen, shiru, ya ce haka ake so. Da ya kwance soket ɗin kicin kuwa, Baba kamar kana wurin, ja da baƙa ne kawai a ciki. Na sayi RCD na cusawa, mun danna maɓallin ya faɗi. Maigidana zai je wurin mai gidan ranar Asabar kan maganar sandar. Ban kunna famfon da zoɓo ba tukuna, da ruwan sanyi kawai muka gwada, ina sanye da silifas, yara suna waje. Cikin 'yan mintuna ya kwashe rabin tukunya, na tsaya ina kallo kamar in yi kuka.

Saura tambaya ɗaya. Yawancin aikina da asuba nake yi, lokacin kuma sau da yawa ba wuta, ƙaramin janareta nake tayarwa. RCD ɗin zai kare ni a kansa?

Sani_Waya
Masha Allah. Janareta kam wani babi ne. Ƙananan nan in ka sa testa a ramukan biyu duka sai ka ga tana kamawa, domin ba a ɗaure nutural ɗinsu da ƙasa ba.

Injiniya_Bukuru
Haka ne. A irin wannan, maɓallin gwajin zai iya faɗuwa lafiya lau, amma in wuta ta taɓa jikin famfon RCD ɗin bai zama lallai ya gani ba, domin wutar ba ta da hanyar komawa ta ƙasa. Gyaransa shi ne a ɗaure nutural ɗin janaretan da jikinsa da sandar ƙasa, kafin RCD, amma wannan ba aikin da zan koya miki ta rubutu ba ne, kuma ya danganta da irin janaretan da yadda aka haɗa shi da gidan. Hajiya, kai tsaye kike jona famfon a jikin janaretan, ko ta cenjoba, makunnin da ke sauya wutar gida zuwa ta janareta, yake shiga gidan? Ki ɗauko min hoton gabansa inda soket ɗin yake, da na takardar da ke manne a gefensa.

Baba_Mai_Lantarki
Ta haɗa da hoton cenjobar ma in akwai. Ina son in ga waya nawa take yankewa.

Maman_Ilham
To Baba. Yana ɗakin ajiya a kulle, makullin yana hannun maigidana. In ya dawo daga kasuwa bayan magariba zan turo.